Dokar da ta mayar da jarrabawar ɗalibi ta zama jarrabawar malami a Amurka

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba idan sakamakon jarrabawa ya fito, ɗalibi ne yake shan faɗa. Shi za a tsare da tambaya a gida, shi za a ce ya maimaita aji. A ƙasar Amurka kuwa an taɓa yin wata doka da ta juya lamarin. Idan yara suka faɗi, makarantar ce za ta yi bayani, wani lokaci ma malami ya rasa aikinsa. A wannan fitowar za mu bayyana muku yadda dokar take da abin da ta jawo wa yaran makarantun gwamnati da malamansu.

A Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke riƙe da makarantun firamare da sakandare ba. Jihohi ne da hukumomin ilimi na yankuna suke gina su, su ɗauki malamai, su biya albashi. Abin da tarayya ke bayarwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin ba. To ta yaya mai ba da kashi goma zai juya sauran? Ta hanyar sharaɗi. Tun 1965, zamanin shugaba Lyndon Johnson, akwai dokar da ke ba makarantun 'ya'yan talakawa ƙarin kuɗi. Sai aka ce wa jihohi, in kuna son kuɗin nan ya ci gaba da zuwa, ga abin da za ku yi. Babu jihar da ta haƙura da kuɗin.

A ranar 8 ga Janairun 2002 shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ake kira No Child Left Behind, wato kada a bar wani yaro a baya. Manyan jam'iyyun ƙasar biyu duk sun goyi bayanta. Ta ce dole kowace jiha ta riƙa yi wa yara jarrabawar karatu da ta lissafi duk shekara, daga aji uku zuwa aji takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Aji takwas a can daidai yake da aji biyu na ƙaramar sakandare a nan, ke nan sa'o'inmu ne ake magana. Dokar ta kuma sa wa'adi: zuwa 2014 kowane yaro, ba tare da ware ko ɗaya ba, ya kai matakin da jiharsa ta ce shi ne ƙwarewa.

Akwai abin da ya burge mu a ciki. Kafin dokar, makaranta na iya ɓoye yaran da ba sa ganewa a bayan masu ƙoƙari. A haɗa makin kowa a raba, ya fito da kyau, shi ke nan. Dokar ta ce a'a, a fitar da sakamakon kowane rukuni daban: 'ya'yan talakawa, baƙar fata, masu asali da ƙasashen da ake jin Sifaniyanci, masu buƙata ta musamman, da waɗanda suke koyon Turanci. Idan rukuni ɗaya kaɗai ya kasa, an ɗauka makarantar duka ta kasa. Kuma dole aƙalla kashi 95 cikin 100 na kowane rukuni su zauna jarrabawar, don kada shugaban makaranta ya ce wa masu rauni su yi zamansu a gida ranar. Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya har zango ya ƙare ba a kira sunansa ba, zai gane amfanin wannan.

Sai maganar hukunci, wanda ya fi shafar makarantun da ke karɓar kuɗin tallafin talakawa. Makarantar da ta kasa kai mizani shekara biyu a jere, dole ta ba iyaye damar mayar da 'ya'yansu wata makarantar gwamnati. A shekara ta uku ta samar musu da darasin ƙari kyauta. In abin ya ci gaba, ana iya sauya manhaja ko a sauya wasu malamai. In ya kai shekara biyar zuwa shida, ana iya sallamar shugaba da yawancin ma'aikata, ko jiha ta karɓe makarantar, ko a miƙa ta ga wasu su gudanar.

Yanzu ku sa kanku a matsayin malamar aji huɗu. Darussa biyu ne kawai za a auna makarantarku da su. Me za ki yi da lokacin zane da waƙa da tarihi? Abin da ya faru ke nan. Makarantu da yawa suka ƙara awannin karatu da lissafi, suka rage na zamantakewa da kimiyya da zane, wasu har lokacin tara suka taɓa. Makonni kafin jarrabawa ba a koyar da sabon abu, sai maimaita irin tambayoyin da ake sa ran za su fito. Mu ma mun san wannan yanayi idan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta matso, sai dai su kowace shekara ne tun suna 'yan shekara takwas.

Wani abin ya fi wannan ciwo. Ba a tambayar nawa yaro ya ƙaru, ana tambayar ko ya haye layi ne kawai. A ce layin maki 50 ne. Yaron da ya tashi daga 15 zuwa 40 ya yi babban ƙoƙari, malaminsa ma haka, amma a lissafin doka ya faɗi. Wanda ya tashi daga 48 zuwa 51 kuwa ya ci. Saboda haka a wasu makarantu aka fi mayar da hankali kan yaran da ke dab da layi. Mai ƙoƙari sosai aka bar shi tunda zai ci ko yaya, na can ƙasa aka bar shi tunda ba zai kai ba. Dokar da aka yi don kada a bar kowa a baya, sai ga ta tana koya wa mutane wanda ya fi sauƙin bari. Wasu jihohin kuma suka sauƙaƙa wa kansu, suka sassauta ma'anar ƙwarewa, tunda su ke tsara jarrabawarsu.

Mafi munin labari ya fito daga birnin Atlanta na jihar Jojiya. A 2011 binciken da jihar ta gudanar ya gano an yi maguɗi a makarantu 44, ya ambaci malamai da shugabanni 178. Ba ɗalibai ne suka yi satar amsa ba. Manya ne suke goge amsoshin da yara suka rubuta ba daidai ba su gyara. A 2015 kotu ta sami 11 daga cikinsu da laifi, wasu aka yanke musu ɗauri. Ba mu goyon bayan abin da suka yi, ko kaɗan. Amma mu lura da wanda ya fi cutuwa: yaron da takarda ta nuna ya iya karatu alhali bai iya ba, don haka bai sami taimakon da ya kamata a ba shi ba.

Ba za mu ce dokar ba ta yi amfani ba. Masu bincike sun ga makin lissafi na ƙananan yara ya ƙaru a shekarun farko, har da na 'ya'yan talakawa. A karatu kuwa ba a ga wani canjin a zo a gani ba. Wa'adin 2014 ɗin ne ya gagara. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar suna cikin jerin waɗanda suka kasa kai mizani, har da makarantun da iyaye ke rububin kai 'ya'yansu. Gwamnatin Barack Obama ta fara ɗage wa jihohi wasu sharuɗɗan, amma ta kawo nata: a riƙa duba makin ɗalibai wajen auna ƙoƙarin kowane malami. Malamai suka koka, domin malamin da aka tura unguwar da yara ke zuwa aji da yunwa, ko suke yawan sauya gida, shi zai fi shan wuya. Ku duba ma, wane malami ne zai so a ba shi irin wannan aji in aikinsa na iya tafiya a kansa? Iyaye ma suka gaji. A 2015 a jihar New York kusan ɗaya cikin kowane yara biyar da ya kamata su zauna jarrabawar jihar ba su zauna ba, iyayensu suka hana.

A ranar 10 ga Disambar 2015 Obama ya sa hannu a kan sabuwar doka mai suna Every Student Succeeds Act, ta maye gurbin ta farko. Jarrabawar shekara-shekara tana nan, fitar da sakamakon kowane rukuni ma yana nan. Abin da aka cire shi ne wa'adin kowa da kowa da kuma jerin hukuncin da tarayya ta tsara. Yanzu jiha ce ke yanke yadda za ta auna makarantunta, kuma dole ta haɗa da wani ma'auni da ba jarrabawa ba. Jihohi da yawa sun zaɓi yawan fashin zuwa makaranta. Dole ne dai jiha ta gano kashi 5 cikin 100 mafi rauni na makarantun da ke karɓar tallafin, da manyan sakandaren da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibansu ko fiye ba sa kammalawa, ta tsara yadda za a taimake su. Tarayya kuma ba ta da ikon tilasta wa jiha auna malami da makin ɗalibansa, ko da yake wasu jihohin sun ci gaba da yin hakan don ra'ayin kansu.