Sayen Sola a Maiduguri: Kada Kuɗinka Ya Riga Kaya Isowa

A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun babban layin wutar da ya taso daga Damaturu zuwa Maiduguri. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake kayar da su. Birnin ya daɗe a duhu, daga baya aka gina tashar gas mai megawat 50, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Maris ɗin 2023. Kusan wata uku bayan haka aka janye tallafin fetur, janareto ya koma sai mai hali. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba mamaki rufin gidaje daga Bulumkutu zuwa Gwange ya cika da farantan sola.

Sai dai cinikin sola yana da wani siraɗi. Da zarar an gama lissafi, mai haɗawa zai ce: "Alhaji, a ba da kafin alƙalami in sauko da kaya." Sau da yawa abin da yake nema ya fi rabin kuɗin aikin, wani ma duka yake so.

A yi masa adalci, yana da hujja. Faranti da batir da inbata kusan duk daga waje suke zuwa, galibi daga China, su sauka Legas, su biyo ta Kano. Farashinsu dala yake bi, ita kuwa dala daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙaramin mai sana'a ba shi da jarin da zai zuba ya jira. Amma duk da haka, ranar da ka tura miliyoyi kan kayan da ba ka gani ba, ka yi cinikin biri a sama. Kai da ya kamata a lallaɓa, kai ne za ka koma kana bin mutum da waya.

Daga nan ɓarnar kan zo ta fuska uku. Ko a yi ta jan ka da "mota na hanya" har farashi ya tashi a ce ka ciko. Ko a kawo kayan da ba su aka yi magana ba: faranti mai tambarin wat 550 da ba ya ba da ko kusa da haka, ko tsohon batir da aka wanke aka sake wa leda. Ko kuma a haɗa a tafi, batir ya fara mutuwa kafin asuba, lambar mai aikin ta daina shiga. Batir ne ya fi cin kuɗi a haɗin, shi ne kuma zafin Borno ya fi saurin gajiyarwa, don haka a kansa aka fi yin ha'inci.

Wasu ƙasashen sun sa wa abin iyaka. A jihar Kalifoniya ta Amurka, doka ta hana ɗan kwangilar aikin gida, har da na sola, karɓar kafin alƙalamin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A nan gida muna da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 da karɓa, kuma rubutun nan na ƙasan rasit cewa ba a mayar da kuɗi bayan biya bai soke wannan haƙƙi ba. Addini ma ya riga ya yi magana: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta cewa wanda zai biya kafin ya karɓi kaya, dole a fayyace siffar kayan da adadinsa da ranar miƙawa.

To yaya za a yi? A raba biyan gida uku, kowane kaso a ɗaure shi da abin da ido ya gani. Ɗan kaɗan a farko don a kama magana. Kaso mafi tsoka ranar da kaya suka sauka a tsakar gidanka, ka buɗe kwali da hannunka, ka duba sunan kamfani da lambar jikin kowane batir da inbata, ka ga sun dace da rasit. Ragowar sai an haɗa, an kwana biyu ana gwadawa da firji da fanka a kunne har gari ya waye. In mai aikin ya ce ba shi da jari, ku tafi shagon tare, ka biya da kanka, rasit ya fito da sunanka, shi kuma ya karɓi ladan aikinsa.

Takardar yarjejeniya ta faɗi komai dalla-dalla: faranti nawa, mai wat nawa, batir na ruwa ne ko litiyam, kaurin waya, ranar gamawa, tsawon garanti da wanda zai ɗauki nauyinsa, da makomar kuɗinka in aka saɓa. Shaidu biyu su sa hannu. Ka biya ta banki zuwa asusun kamfanin da ke da rajistar hukumar kamfanoni ta CAC, ba na wani yaron shago ba. Ka tambayi ko mai haɗawar yana da takardar shaidar hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki, ka kuma je ka ga gidan da ya yi wa aiki bara, ba wanda ya gama jiya ba.

In abin ya riga ya lalace, tattara rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp. Fara da shugabannin kasuwa, in ba a daidaita ba ka kai ƙorafi FCCPC ko kotu. Kada kunyar "ai ɗan unguwa ne" ta hana ka neman rubutu. Mai gaskiya ba ya gudun takarda, domin shi ma ita ce za ta kare shi ranar da mai gida ya ce bai san da ragowar kuɗi ba.