Gidan Kincora: Yadda Aka Ci Amanar Yara a Belfast

Kincora gida ne da hukuma ta buɗe a 1958 a birnin Belfast na Ireland ta Arewa, domin riƙon samari matasa da ba su da mai kula da su. A Janairun 1980 jaridar Irish Independent ta fallasa cewa an daɗe ana lalata da yaran gidan. Aka rufe shi a shekarar, kuma a 1981 kotu ta ɗaure ma'aikatansa uku: Joseph Mains da Raymond Semple da William McGrath.

Ina siyasa ta shigo? McGrath ne jagoran Tara, ƙungiyar 'yan Furotesta masu tsattsauran ra'ayin ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, a lokacin da rikici ya dabaibaye yankin. Hakan ya jawo zargin cewa hukumar leƙen asiri ta MI5 ta san abin da ake aikatawa, ta yi gum don kare masu ba ta bayanai.

Kwamitin bincike na tsohon alƙali Sir Anthony Hart ya fitar da rahoto a 2017. Bai sami hujjar hannun jami'an leƙen asiri ba, amma ya nuna cewa 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a sun samu ƙorafe-ƙorafe tun kafin fallasar, suka yi sakaci.

Da an saurari kukan yaran tun farko, da an kuɓutar da da yawa daga cikinsu. Dole duk gidan riƙon yara ya kasance ƙarƙashin sa ido na masu zaman kansu.