Ruwa ba maƙiyin bindigar toka ba ne

Maharba da 'yan bindigar fada da yawa sun yarda da magana ɗaya: ruwa da ƙarfe ba sa haɗa hanya, don haka in an dawo daga daji ko daga hawan sallah, sai a zuba wa bindiga mai a rataye ta. Dattawan da ke faɗin haka suna da hujja, kowa ya ga yadda damina ke cinye garma da aka manta a gona. Amma a kan bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ina ganin wannan al'ada tana jawo tsatsar da ake gudu.

Albarushin gargajiya ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabinsa yana komawa baƙin dauɗa da hayaƙi, dauɗar nan kuwa cike take da gishiri irin na ruwan toka da ragowar farar wuta. Wannan gishiri yana zuƙo danshi daga iska. A watan Agusta, kwana ɗaya ya ishe shi ya jiƙe a cikin bututu ya fara cin ƙarfe. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi, man inji kuma in ya haɗu da dauɗar sai ya zama danƙo mai taurin kai. Ka zura tsumma ka zaro shi yana ƙyalli, zuciyarka ta kwanta, alhali a can gindin bututu, inda wuta ta fi ƙarfi, ƙarfe na rarakewa. Nan ne bindiga ke fashewa, kusa da fuska da hannun mai harbi, musamman ƙirar maƙeranmu da bututunta bai da kauri sosai.

Abin da ke narkar da gishiri shi ne ruwa. Sojojin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, da ruwa suke wanke bindigoginsu na ɗuri. Bindigar da mai kaɗai yake isarta ta zamani ce, mai albarushi marar hayaƙi wanda aka fara samu a Faransa a 1884, hukuncinta daban ne.

In za a wanke bindigar toka, da farko a zura sandar ɗuri a tabbatar babu komai a ciki. Sai a zuba ruwan zafi, a yi ta goga tsumma sama da ƙasa. Ruwan farko zai fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A ci gaba har ya fito garau, ta baki da ta 'yar ƙofar da wuta ke shiga. Zafin ruwan yana ɗumama ƙarfe ya bushe da wuri, kuma a nan ne tsoron dattawa yake da gaskiya: in aka bar ɗigo ɗaya, ja-ja-ja zai bayyana kafin magariba. Busassun tsummoki za a yi ta sawa har na ƙarshe ya fito babu laima.

Bayan haka mai zai yi aikinsa, shafa kaɗan ciki da waje, irin na keken ɗinki. Manja da man gyaɗa suna daskarewa su yi yauƙi in sun daɗe. A ajiye bindigar bakinta na kallon ƙasa, kada mai ya gangara ya jiƙa katako ko ya toshe ƙofar wuta, a kuma goge shi tas kafin a sake ɗura albarushi.