Yadda ake zaɓen maratayin kyamara mai nauyi don aiki a bakin iyakar Jibiya

A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, ba ta sake buɗewa ba sai a watan Maris na 2024. A tsawon waɗancan watanni, mafi yawan masu tafka muhawara a kan rufewar ba su taka Magamar Jibiya ba. Abin da suka sani game da manyan motocin da suka yi cirko-cirko a hanyar Ɗan Isa da Maraɗi, hotuna ne suka kai musu shi. Haka abin yake a rufewar watan Agustan 2019, wadda a Jibiya ta kai har Afrilun 2022.

Kowane ɗaya daga cikin hotunan nan wani ne ya taka da ƙafa cikin rana ya ɗauko shi, da ƙarfe rataye a jikinsa. Matasan da ke shiga aikin a yau, ko don wata jarida ko don shafukansu na Facebook, sukan ƙarar da kuɗinsu wajen sayen kyamara da gilashin gabanta, wanda masu sana'ar ke kira lens, sannan su rataya dukiyar duka da siririyar igiyar da ta zo a cikin kwali. A ɗakin ɗaukar hoto a birnin Katsina wannan ba ya cutar da kowa. Amma ga wanda zai wuni tsakanin kasuwar Jibiya da ƙauyukan mazaɓar Gangara, yana hawa babur yana sauka, yana wuce shingen bincike ɗaya bayan ɗaya, maratayi ne ke yanke hukunci kan abu uku: lafiyar wuyansa, ran kyamararsa, da kuma irin kallon da mai riƙe da bindiga zai yi masa.

Nauyin da ake magana a kai

Kyamarar Canon 5D Mark IV, wadda har yanzu ake samun ta hannu a kasuwanni, tana da nauyin giram 890 da batirinta. Lens ɗin zuƙo nesa na 70-200mm f/2.8, wanda shi ne abokin tafiyar 'yan jarida a ko'ina, ya kusa kilo ɗaya da rabi. Idan aka haɗa su an doshi kilo biyu da rabi, wato kamar ledar fiya wata biyar a rataye a wuya daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya ƙara kyamara ta biyu da lens na 24-70mm ya haura kilo huɗu. Sababbin kyamarori marasa madubi, irin Sony A7 III mai giram 650, sun rage nauyin jiki, amma manyan lens ɗinsu ba su ragu sosai ba.

Kilo biyu da rabi ba kaya ba ne a wurin ɗan dako. Matsalar tana ga inda aka ɗora shi. Kan babban mutum kansa ya kai kimanin kilo biyar, kuma jijiyoyin wuya ne ke riƙe da shi dare da rana. Igiyar wuya tana jan kan zuwa gaba, sai jijiyoyin baya su riƙa ja da ƙarfi don daidaita shi, kuma da kowane taku kyamarar tana dukan ƙirji tana ƙara fizga. Ba a jin abin a awar farko. Da yamma ne ciwon ƙeya da taurin kafaɗa ke bayyana, wani lokaci har da mutuwar yatsu, saboda jijiyoyin da ke sauka zuwa hannu ta tsakanin wuya da kafaɗa suke bi. Hannun da ke rawa kuwa ba ya ɗaukar hoto mai kyau da lens mai zuƙo nesa.

Dabarar hamila

Maganin da masu sana'ar suka fi raja'a a kai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Katsina ya ga yadda mahaya ke rataya takobi da hamila, nauyin yana kan kafaɗa, takobin yana gefe inda hannu zai same shi. Maratayin gicciye haka yake aiki: yana zama a kafaɗa ɗaya, ya ratsa ƙirji da baya, kyamarar ta kwanta a ƙugun ɗaya gefen. Kamfanin BlackRapid na birnin Seattle a Amurka shi ya yi suna da irin wanda kyamarar ke zamewa a kan igiyar: idan aka ɗaga ta zuwa ido, ƙugiyar ce ke tafiya, matashin kafaɗa yana nan inda yake. Kamfanin Peak Design kuma yana yin wanda igiyar gaba ɗaya ke zamewa a kan riga, kamar bel ɗin mota.

Faɗi shi ne abin dubawa na farko. Matashin kafaɗa aikin gammo yake yi, yana baza nauyi a wuri mai faɗi. Babban maratayin Peak Design mai suna Slide faɗinsa milimita 45 ne, ƙaraminsa kuma 32, kuma ga kayan da suka haura kilo biyu babban ne ya dace. Sai dai kauri ba shi ne inganci ba. Matashin soso mai kauri yana shan zufa, a zafin Afrilu da kan haura digiri 40 kuwa sai ya zama jiƙaƙƙen tsumma mai goge fata. Na roba mai talewa yana da daɗi a kafaɗa, amma da lens mai nauyi yana sa kyamara tsalle da kowane taku. Mai ƙananan ramuka da iska ke shiga, wanda cikinsa ke kama riga ba ya santsi, shi ya fi dacewa da wannan yanki.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da masu saye kan raina. Ɗaya ita ce 'yar igiyar da ke bi ta ƙarƙashin hammata ta riƙe matashin kada ya gangaro zuwa wuya. Ɗayan kuma maƙallan da ke kan igiyar, waɗanda ake matsowa su tsare kyamarar a wuri guda. Wanda zai hau bayan babur a hanyar ƙauye mai yashi da gargada, in ba shi da maƙallan nan, lens ɗinsa zai riƙa bugun kariyar babur har a isa. Ga mai kyamara biyu, akwai maratayi mai kafaɗa biyu da ke raba nauyi daidai. Yana hutar da baya ƙwarai, amma yana da aibinsa a bakin iyaka, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Inda ake tsinkewa

Da wuya a ji igiya ta tsinke a tsakiya. Kyamara tana faɗuwa ne daga mahaɗa, kuma a nan ya kamata mai saye ya fi daɗewa.

Yawancin maratayan gicciye ana ɗaura su ne da noti a ramin da ke ƙarƙashin kyamara, wanda aka tanada don ɗora ta a kan ƙafa uku. Ramin girmansa ɗaya ne a kusan kowace kyamara, rubu'in inci, shi ya sa kowane noti ke shiga, mai kyau da na banza. An yi ramin ne don kyamara ta zauna a kansa, yanzu ga shi an juya ta tana lilo da kai ƙasa. Duk juyin da ta yi a ƙugu yana iya sassauta notin kaɗan, har ranar da zai fita gaba ɗaya. Notin kirki yana zuwa da 'yar roba da ke matsewa ta hana shi warwarewa, kuma ƙugiyarsa tana da makulli mai murɗawa, tana kuma juyawa da kanta don kada ta murɗa notin. Duk da haka, ƙwararru sun mayar da taɓa notin nan al'ada, kamar yadda direba ke duba taya kafin ya ɗauki hanya. Da yawa suna ƙara 'yar igiya ta biyu daga kunnen kyamarar zuwa maratayin, don in noti ya ci amana a sami mai tarewa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaura maratayi a jikin kyamara alhali lens ya fi ta nauyi. A nan kilo ɗaya da rabi yana rataye ne a bakin kyamarar, zoben da ƙananan notuna kaɗan ke riƙe da shi. Manyan lens suna zuwa da ƙafarsu mai rami irin wancan, kuma a can ake ɗaurawa. Nauyin sai ya daidaita, lens ya kwanta a gefen cinya maimakon ya riƙa nuna ƙasa.

Peak Design ba ya dogara da noti kaɗai, yana amfani da wasu 'yan maɓallai masu zare da ake zurawa a kunnen kyamara. Kamfanin ya ce kowane ɗaya yana ɗaukar kilo 90, kuma zaren hawa-hawa ne masu launi daban, ta yadda in na waje ya cinye, launin ciki zai fito ya yi gargaɗi. Amma ko shi, a 2018 sai da ya musanya wa masu saye wani rukuni na maɓallan bayan an gano zarensu yana saurin cinyewa. Idan na asali ya taɓa yin haka, to jabun da ke kama da shi a ido, wanda ba a san da wane zare aka yi ba, caca ce da kyamarar da kuɗinta ya ninka nasa sau ɗari.

A Jibiya akwai ƙarin abokin gaba, wato ƙurar hunturu. Tana shiga ƙugiya ta hana makulli rufewa sosai, ta kuma zauna cikin zare tana cinsa kamar zarto. Zufa tana kawo tsatsa ga ƙarfen da aka yi wa fenti kawai. Kakkaɓe ƙugiya da busasshen buroshi bayan kowace fita ya fi zuba mata mai, domin mai ƙura yake tarawa.

Kayan waje sun yi tsada tun faɗuwar darajar naira, saboda haka ba laifi a nufi baduku. Dukawan Kano da Katsina da Sakkwato ba su buƙatar a koya musu fata. Baduku zai iya ɗinka matashi mai faɗi a kan tsohon bel ɗin mota, wanda da ma an yi shi ne don ya tare mutum a haɗari. Fata zalla tana talewa in ta sha zufa, don haka bel ɗin ne ya kamata ya ɗauki nauyi, fatar ta zama sutura. Abin da baduku ba zai ƙera ba shi ne noti da ƙugiya. Su kam a saye na kirki, ko da kuɗinsu ya fi na sauran maratayin duka.

Idon mai bindiga

Duk abin da ya sa maratayin gicciye ya yi daɗin aiki, shi ne kuma ke sa shi haɗari a wurin da ake zaman ɗar-ɗar. Baƙin abu mai tsawo ne rataye a ƙugu, wanda ake ɗagawa zuwa fuska cikin ƙiftawar ido. Daga nesa, ga jami'in da ya kwana yana jiran hari, wannan siffar ba ta kyamara ba ce kaɗai. A ranar 17 ga Agustan 2003 sojojin Amurka suka harbe Mazen Dana, mai ɗaukar bidiyo na Reuters, a wajen kurkukun Abu Ghraib, suka ce sun zaci kyamararsa makamin roka ce. A ranar 12 ga Yulin 2007 jirgin yaƙi mai saukar ungulu ya kashe mai ɗaukar hoto Namir Noor-Eldeen da direbansa Saeed Chmagh a Bagadaza, kuma bidiyon da WikiLeaks ya fitar a 2010 ya nuna yadda aka ɗauki kyamarorin da ke rataye a kafaɗunsu a matsayin makamai.

Jibiya ba Bagadaza ba ce, amma ta san nata tashin hankalin. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda hare-haren 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya. A irin wannan wuri, maratayi mai kafaɗa biyu, baƙi, mai ɗamara da aljihuna, yana kama da kayan yaƙi fiye da kima. Mai launin toka ko ruwan ƙasa, marar tarkace, ya fi kwantar da hankali. Igiyar kwali mai ɗauke da sunan Nikon ko Canon da manyan haruffa ita ma tana da nata aibin, don tana shelanta wa ɓarawo farashin abin da ke jikin mutum.

Sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba 'yan jarida hurumin bin diddigin gwamnati da 'yancin yaɗa bayani. Sai dai ba a karanta kundi a tsakiyar titi da hannu a kan kyamara. Masu gogewa, tun kafin su isa shingen kwastam ko na shige da fice ko na soja, sukan tura kyamarar baya ko su saka ta a jaka, su iso da hannuwa a fili da katin shaida, su yi sallama su nemi izini kafin su nuna lens ga ofis ko ga jami'i. A ɗaya gefen iyaka, inda sojoji ke mulki tun 2023, taka-tsantsan ɗin ya ninka.

Wannan ne ya sa saurin cirewa ya zama sharaɗi. Idan jami'i ya ce a miƙo kyamara, ko wani a kan babur ya cafki igiyar ya ja, maratayin da ya zagaye jiki yana iya kayar da mai shi ƙasa. Wasu kamfanoni suna saka waya ta ƙarfe a cikin igiya don kada a yanke ta da reza. A cunkoson kasuwa tana da amfani, amma a hannun mai fizge a guje, wuyan mai kyamarar ne zai biya. Ya kamata mai saye ya gwada a shago: ya rataya kyamararsa da lens mafi nauyi da yake da shi, ya yi tafiya, ya durƙusa, ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, sannan ya ga ko zai iya zare maratayin ta kansa da hannu ɗaya ba tare da ya kama hula ko wuyan riga ba. Mace mai sanye da hijabi ta gwada shi a kan irin hijabin da take fita aiki da shi, domin yadi mai santsi yana sa matashin ya gangaro, kuma 'yar igiyar hammata ba ta ɗauruwa a kan dogon hijabi sai an sauya yadda aka rataya.