An Sayi Kwamfuta, An Manta da Kujera

Duk wanda ya san Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun, ya san yawancin masu aiki da kwamfuta a nan ba a ofis mai sanyi suke ba. Su ne yaran shagunan buga takardu, da masu yi wa jama'a rajistar lambar ɗan ƙasa, da masu cike wa ɗalibai fom ɗin makaranta, sai ɗaliban da kansu tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Na lura kusan dukkansu a kan benci ko kujerar roba irin ta biki suke wuni, wasu ma a tabarma, na'ura bisa cinya, wuya a sunkuye.

Jihar Jigawa tana alfahari, kuma da gaskiyarta, cewa ta rungumi fasahar sadarwa da wuri, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki da aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure. Mun koya wa yaranmu sarrafa na'ura, amma ba mu koya musu zama a gabanta ba.

Cutar ba sabuwa ba ce. Tun a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bayyana ciwon da ke kama magatakarda, ya ɗora laifin a kan dogon zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya, da takurar hankali. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya.

Yadda abin ke faruwa ba wuya a gane. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5. Idan yana tsaye daidai bisa kafaɗu, ƙashi ne ke ɗauke da shi; da zarar an sunkuyar, sai naman wuya ya karɓi aikin, kuma nauyin yana ninkuwa gwargwadon sunkuyon. Haka wuyan hannu: akwai wata jijiya da ke ratsa ƙunƙuntar hanya a cikinsa, idan aka daɗe ana lanƙwasa shi ko danna shi a gefen tebur, tana iya matsuwa. Alamarta ita ce sagewar babban yatsa da manuniya da na tsakiya, sau da yawa cikin dare.

Akwai wani dalili namu na gida da littattafan Turawa ba sa ambata, wato wuta. Mai shagon da ya tada janareta da fetur mai tsada, musamman tun cire tallafi a watan Mayun 2023, ba zai yarda minti ɗaya ya tafi a banza ba. Idan kuwa an kawo wuta, sai a duƙufa kafin a ɗauke. Saboda haka yaro kan yi awa huɗu bai miƙe ba. Da dare sai ya biya kemis a haɗa masa maganin ciwon jiki. Wannan shi ya fi damuna, domin yawan shan irin su diclofenac yana illata ciki da ƙoda, kuma daga nan wasu ke zarcewa zuwa tiramol.

Gyaran kuwa ba sai da kujerar dubban ɗaruruwa daga Kano ba; kafintan gari ya isa, in an ba shi awo. Tafin ƙafa ya sauka ƙasa sosai, in bai kai ba a sa bulo. Kujera ta kasance da majingina, a naɗe tawul a tokare ƙugu. Gwiwar hannu ta yi daidai da saman tebur. Saman allon kwamfuta ya daidaita da ido, nisansa kamar tsawon hannu. Kwamfutar cinya ita ce babbar mai laifi, don allonta da madannanta a haɗe suke: in ido ya ji daɗi, hannu ya wahala. A ɗora ta bisa tarin littattafai, a sayi madanni da linzami na daban. Sannan kowane rabin awa a miƙe ko na minti biyu. Sallar Azahar da La'asar suna yanke zaman yamma, amma daga hantsi zuwa Azahar babu mai tashin mutum.

Ga ma'aikatan da ke Dutse, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta amince da cutar da aiki ke haifarwa, kuma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. A aikace yaron shago a Aujara ba ya cikin wannan lissafi, ba shi da takardar ɗaukar aiki balle diyya. Don haka nake ganin duk ma'aikatar da za ta ba da kwangilar kwamfutoci ga makaranta ko cibiyar jarrabawa, ta rubuta awon tebur da kujera cikin sharuɗɗa.

Wanda sagewar hannu ke tashinsa daga barci, ko ciwon baya ya sauko masa ƙafa da rauni, ya bar kemis ya nemi likita da masu gashin ƙashi, a Dutse ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Idan har riƙe fitsari ya gagara, a ranar za a tafi.