GIGINYA: Ana Sara, Ba A Shukawa

Duk wanda ya zaga kasuwannin garin Gombe bayan ɗaukewar damina zai tarar da yara da farantan muruci a ka, ga kuma azara jingine a wurin masu sayar da kayan gini. Dukansu biyu giginya ce ta bayar, amma kaɗan ne daga cikin masu saye suka san irin wahalar da take sha kafin ta girma.

Giginya ba ko'ina take yi ba. Tana son rana da zafi, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ke kwance kusa a ƙarƙashinta. Shi ya sa aka fi ganinta a fadamu da bakin rafuka, kamar gaɓar Kogin Gongola. Idan ta kafu, takan jure wa fari da gobarar daji, tsawonta kuma kan kai mita 20 ko fiye.

Abin lura shi ne akwai mace akwai namiji, kuma mace ce kaɗai ke 'ya'ya, bayan shekaru masu yawa. Ƙwallon da aka binne yakan fara tura tsiro can ƙasa kafin ganye ya leƙo. Wannan tsiron shi ne muruci. Ashe ke nan kowane muruci da aka ci, giginya guda ce aka hana tashi. Saboda zurfin wannan tsiro ne kuma ba ta son dashe, sai a shuka ta inda ake so ta zauna.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine suka ƙaru, gonaki suka ci fadamu. Magina kuwa ba su daina neman azara ba, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Itacen da ya yi shekaru hamsin yana girma, a wuni guda ake kayar da shi.

Masu iya magana na cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Haka shukarta take: mai binne ƙwallo yau, jikokinsa ne za su yi rufi da azararta. Ya kamata manoman muruci su riƙa barin wasu ƙwallaye a ƙasa kowace shekara, masu sara kuma su ƙyale matan da ke bayar da iri.