Rabin Hira Naka, Rabi Nawa: Horar da Kunne a New Bell

Wanda ya sauka Duwala daga Kano ko Mubi da ɗan Faransancinsa na littafi, kunnensa ne ke fara ba shi kunya, ba bakinsa ba. Zai iya tambayar kuɗin kaya a Marché Central, amma da mai kayan ta amsa sai maganar ta zo masa a dunƙule. Faransanci yana liƙa kalma da kalma, baƙin da ba a furta shi a ƙarshen wata sai ya fito idan wasali ya biyo shi. Ga kuma ƙirga, inda 97 ke zuwa a matsayin ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Kafin baƙo ya gama lissafi, mai kaya ta juya ga wani.

Unguwar New Bell da ke Duwala ta daɗe da sanin wannan matsala. Jamusawa ne suka yanka unguwar lokacin da suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala na bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya ta zama masaukin baƙi: fatake Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo. Abin da ya haɗa su a kasuwa shi ne Turancin buroka. Ya biya bukatar ciniki, amma takardar makaranta da bayanin likita da tambayar jami'i dukansu da Faransanci suke zuwa.

Akwai dabarar da ta dace da unguwa irin wannan. A 1979 wani malami Bajamushe, Jürgen Wolff, ya tsara ta a Madrid, yana haɗa Jamusawa da 'yan Sifen bibbiyu. Kowa yana son harshen ɗan'uwansa, sai a raba lokaci daidai, rabi da wannan harshe, rabi da wancan, ba gauraye. Amfaninta ga kunne a fili yake. Mai karanta labarai a RFI ba ya tsayawa don ka ce bai shiga ba. Malamin aji kuma yana lallaɓa magana har ta daina kama da ta titi. Abokin hira kuwa da saurinsa na kullum yake magana, kana ganin leɓɓansa da hannunsa, kuma kana da ikon cewa ya maimaita.

A ɗauki tela da ɗalibar aikin jinya a bencin ƙofar shago bayan la'asar. Ita ta ba shi labarin yadda ruwan sama ya tsare ta a Ndokoti, da Faransanci. Kafin ya ce uffan, sai ya maido mata abin da ya ji, ta nuna masa inda ya ɓace. Wannan maidowar ita ce ƙashin bayan aikin, domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Rabin sa'a ta cika, a juya: shi ya bayyana mata yankan riga da Hausa, ita ma ta sha fama da karin sauti da tsawon wasali.

Ina jin zafi idan Bahaushe ya ce ba shi da abin bayarwa a wannan musaya. Ma'aikaciyar jinya da tsofaffinmu ke zuwa wurinta tana bukatar Hausa. Haka mai sarin albasa da shanu daga arewa, haka direban da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Njamena, ko da yake Fulatanci ya fi yawa a wannan hanya, kuma da yawa cikin 'yan unguwar suna da shi.

Gwamnatin Kamaru tana da cibiyoyin koyar da harsuna, har da ta Duwala, ta kuma kafa hukumar bunƙasa harsunan hukuma biyu a 2017. Sai dai Faransanci da Turanci ne gabansu, kuma aji yana son kuɗi da lokaci. Matan aure, waɗanda su ne ke kai yara asibiti da makaranta, ba kowacce ke samun fita ba. A wannan dabara kuwa, maƙwabciya na iya shigowa tsakar gida, ranar da ba a haɗu ba a yi musayar saƙon murya ta WhatsApp, a saurara sau uku kafin a amsa. Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne zamewa zuwa buroka da zarar an ji wuya, don haka tun ranar farko a yi alkawarin ajiye shi a ƙofa har lokaci ya cika.